Kwamfutar Tebur Ta Daskare: Ciwon Jiki Ne Ko Na Manhaja?

A ofisoshin gwamnati da makarantu da shagunan buga takardu na Dogon Dutsi da Tibiri, da wuya a sami mai aiki da kwamfutar tebur da bai taɓa ganin ta tsaya masa cak ana tsakiyar aiki ba. Hoton da ke kan allo yana nan yadda yake, amma kibiya ba ta motsi, madannai ba sa amsawa, ga mutane na jira a bakin ƙofa da takardunsu a hannu. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne ko'ina. Wani ya ce ƙwayar cuta ce ta shige ta, a share komai a sake zuba Windows. Wani ya ce tsufa ne, injin ya gama yayinsa, a nemi wani. Na uku ya ɗora wa wuta laifi. Kowanne cikinsu yana iya dacewa da gaskiya. Inda gizo ke saƙar shi ne ana yanke hukunci kafin a yi bincike, irin wannan hukuncin kuwa yakan ci kuɗi, wani lokaci ya haɗa da takardun shekaru.

Akwai hanyar da za a bi a gane ko wani sashe na jikin injin ne ya fara lalacewa, ko kuwa jikin lafiyarsa lau, matsalar tana wani wuri. Galibin matakanta ba sa bukatar ko dala.

Ma'anar kalmomi

Kwamfutar tebur ita ce wadda ta zo kashi-kashi: akwati daban, allo daban, madannai da linzami daban. Akwatin, wanda masu gyara a Nijar ke kira inite santaral, shi ne ainihin injin. Duk abin da hannu ke iya taɓawa a cikinsa da wajensa, shi muke nufi da jikin kwamfuta. Manhaja kuwa ita ce umarnin da aka zuba a ciki, kamar Windows da Word da Chrome. A tsakaninsu akwai wata ƴar ƙaramar manhaja da ake kira direba, ko pilot a bakin masu Faransanci, wadda ke yi wa Windows tafinta idan zai yi magana da firinta ko allo ko wani sashe.

Sassa biyar ne za su yi ta dawowa a wannan bayani. Uwar allo, wato kart mer, ita ce faffadan faranti da kowane sashe ke zaune a kansa. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Ram, da ake kira baret saboda siririn siffarsa, shi ne tabarmar aiki: a kansa ake baza abin da ake yi yanzu, da an kashe wuta kuma ya koma wayam. Rumbu, wato diski dur, shi ne ma'ajiyar takardu ta dindindin. Sai akwatin wuta, alimantasiyon, wanda ke karɓar wutar bango ya rage ta zuwa ƙananan ma'aunai da sauran sassa ke sha.

Ita kanta kalmar daskarewa ana cakuɗa ta da wasu abubuwa uku, kuma rarrabe su rabin bincike ne. Akwai nauyi, inda injin ke aiki amma yana jan ƙafa. Akwai shuɗin allo, inda Windows ya tsayar da kansa ya rubuta lambar abin da ya same shi. Akwai mutuwa farat ɗaya, ko injin ya sake kunna kansa ba da izini ba. Daskarewa ta gaskiya ita ce hoto ya ƙame, umarni ya daina shiga. A baki duka huɗun akan ce “ta bloke” ko “ta plante”, alhali kowanne da inda yake nuna yatsa.

Ƙasar da injin ke zaune

Littattafan gyara sukan raba matsala gida biyu, jiki ko manhaja. A ƙasar Arewa wannan rabon bai isa ba, dole a ƙara gida na uku, shi ne muhalli: zafi da ƙura da wuta.

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a kwarin Dallol Mawri yakan wuce digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano kuma ya fi haka. Furosesa tana fitar da zafin kanta, kuma ba ta da abin sanyaya jiki sai iskar ɗakin da fanka ke hura wa haƙoran ƙarfen da ke kanta. Galibin furosesoshi idan suka kusanci digiri 95 zuwa 100 sukan rage gudu don kare kansu, in abin ya ci tura su kashe injin gaba ɗaya. Sai dai kafin bazara ta iso, hunturu ya riga ya yi aikinsa. Ƙurar Disamba zuwa Fabrairu tana shiga akwatin ta kwanta tsakanin haƙoran ƙarfen kamar auduga. Lokacin sanyi ba a lura, don iskar ɗaki tana rufa asiri. Sai zafi ya sauka sannan abin ya fito fili. Sau da yawa ƙurar Janairu ce ke daskarar da kwamfuta a Afrilu, ba tare da ko sashe ɗaya ya lalace ba. Al'adar lulluɓe akwati da zane don kare shi daga ƙura tana da kyau idan injin a kashe yake. In yana aiki kuwa, zanen toshe masa numfashi yake yi. Haka nan ajiye shi a ƙasa, inda tsintsiya ke tayar da ƙura kullum safiya.

Batun wuta ya fi wannan sarƙaƙiya. Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa ma'auninta bolt 220 ne. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa, babban layinta kuma shi ne wanda ya taso daga Birnin Kebbi ya bi ta Dosso zuwa Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse wannan wuta a farkon Agusta, aka shafe watanni ana karɓa-karɓa, har sai bayan da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024. Duk injin da ya ratsa wannan lokaci ya sha kashewa ba shiri fiye da ƙima. A ƙauyukan da layin bai kai ba kuwa, ƙaramin janareta ne ko faifan hasken rana da batir, kowanne da irin hawa da saukar wutarsa. Ko a cikin gari, idan injin niƙa ko na walda ya tashi a maƙwabta wuta takan yi ƙasa na ɗan lokaci, da damina kuma ga tsawa.

Ɗaukewar wuta tana ɓarna iri biyu, kuma nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Tana gajiyar da akwatin wuta da rumbu a hankali, wannan ciwon jiki ne. Tana kuma iya katse Windows yana tsakiyar rubuta wani fayil nasa, fayil ɗin ya gurgunce, injin ya riƙa daskarewa alhali duk sassansa ƙalau suke. Na biyun sake zuba manhaja na warkar da shi, na farkon kuwa ko kusa.

Sai asalin injin. Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ke yankin na hannu ne, sun yi shekaru a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su biyo jirgin ruwa. Ranar da aka saye su a nan ba ita ce ranar haihuwarsu ba. Wasu tsofaffin ma suna da jan maɓalli a bayan akwatin wuta mai lamba 115 da 230. Dole ya zauna a kan 230, don in aka jona shi yana kan 115 ƙonewa zai yi nan take.

Yadda kowane sashe ke nuna ciwonsa

Rumbu ne ya cancanci a fara tuhuma, domin shi kaɗai ne in ya mutu yake tafiya da abin da kuɗi ba sa mayarwa. Rumbu irin na da faifai ne ke juyawa a cikinsa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura mai shawagi a samansu. Idan wani gurbi a kan faifan ya lalace, allurar takan yi ta maimaita karatu, Windows kuma ya tsaya yana jiran amsa. Shi ya sa daskarewar rumbu take da kamanni na musamman. Kibiya tana iya motsi amma babu abin da ke buɗewa, ƴar fitilar rumbu ta tsaya a kunne ba ƙiftawa, bayan rabin minti ko minti biyu komai ya saki kamar ba a yi ba. Takan zo lokacin buɗe fayil ko kwafe shi, wani lokaci fayil guda ne kullum. In aka ji ƙas-ƙas ko tik-tik daga cikin akwati, lamarin ya yi nisa. Sabon nau'in rumbu, SSD, ba shi da faifai kuma ba ya ƙara, amma shi ma yana lalacewa, sau da yawa ba da sallama ba. Akwai kuma lokacin da rumbun lafiya yake, wayar da ta haɗa shi da uwar allo ce ta yi sako-sako.

Ram ba shi da tsari a ciwonsa. Yau injin ya daskare a Word, gobe a Chrome, jibi yana zaune ba a taɓa shi ba. Shuɗin allo ya zo da lamba daban-daban kowane karo, fayil ɗin da aka kwafa ya fito a gurguje, ko a zo zuba Windows ya ƙi ƙarasawa. Wani bincike da aka yi kan injinan kamfanin Google, aka wallafa a 2009, ya nuna fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram suna yin kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara, a ɗakuna masu sanyi da tsabta ke nan. A wurinmu sau da yawa sandar ba ta mutu ba, ƙura ce ta shiga tsakanin haƙoranta da mazauninta. Cire ta, goge ta, mayar da ita daram yakan isa.

Zafi shi ne mafi sauƙin ganewa domin yana da agogo. Injin ya tashi lafiya da safe, ya yi minti ashirin ko sa'a guda, fanka ta fara kuka, sai nauyi, sai daskarewa ko mutuwa. A bar shi ya huce, ya sake tashi garau. Tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kanta akwai wani farin mai da ke miƙa zafi, bayan shekaru yakan bushe ya zama kamar alli, sai an goge an shafa sabo.

Akwatin wuta yakan ɓoye bayan sauran sassa. Ƙa'idarsa ita ce layin bolt 12 kada ya yi ƙasa da 11.4 ko ya haura 12.6, na bolt 5 kuma ya tsaya tsakanin 4.75 da 5.25. Idan ya gaji, yana riƙe wannan ma'auni muddin aiki kaɗan ne, amma da an ɗora wa injin kaya sai wutar ta zube, rumbu ko ram su yi kuskuren da ba nasu ba. Mutum yana iya sauya rumbu da ram duka biyu, daskarewa na nan, don mai laifin bai motsa daga wurinsa ba.

A kan uwar allo akwai wasu ƴan gwangwanaye tsaye da ake kira kondansa, aikinsu tace wuta. Lafiyayyen kondansa kansa a shafe yake. Wanda ya kumbura, ko ya fitar da wani abu mai ruwan ƙasa, ya gama aiki. Masana suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage kusan rabin rayuwar irin wannan kondansa, abin da ya kamata mazaunin Arewa ya riƙe da kyau. An taɓa yin annobarsu a duniya a farkon shekarun 2000. Takardun kotu da suka fito a Amurka a 2010 sun nuna kamfanin Dell ya sayar da aƙalla kwamfutoci miliyan 11.8 tsakanin Mayu 2003 da Yuli 2005 waɗanda ke cikin haɗarin wannan matsala, daga cikinsu akwai samfurin OptiPlex GX270 da GX280. Alamomin da masu su suka gani su ne daskarewa da mutuwa ba dalili, irin waɗanda ake ɗora wa ƙwayar cuta.

Masu cewa a share, da masu cewa a sauya

Ra'ayin da ya fi rinjaye a shaguna shi ne a yi fomatin, wato a share rumbu a sake zuba Windows. Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi. Kwamfutar shagon buga takardu tana karɓar kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, daga hannun mutane barkatai kowace rana, ta nan ƙwayoyin cuta ke yawo. Ga Windows na jabu, ga manhajar riga-kafi biyu a inji ɗaya suna kokawa da juna, ga direban da bai dace ba, ga rumbun da ya cika maƙil. Manhaja ita kaɗai tana iya durƙusar da lafiyayyen inji. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani gyara mai kuskure da kamfanin CrowdStrike ya aika ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya, ba tare da ko waya ɗaya ta ƙone ba.

Raunin wannan ra'ayi shi ne yakan yi kama da magani ko da bai warkar ba. Idan rumbu ne ke mutuwa, sabon Windows yana iya sauka a guraben da ba su lalace ba tukuna, injin ya yi makonni yana aiki, kowa ya ce an dace. Daga baya ciwon ya dawo, a sake sharewa, a sake biya. A kowane zagaye kuma ana iya rasa takardu.

Ɗaya ɓangaren suna cewa tsohon inji in ya fara daskarewa, jiki ne, a sauya sashe ko a sayi wani. Su ma ba su rasa abin kafa hujja ba. Masu bincike na kamfanin Microsoft sun duba rahotannin kwamfutoci kusan miliyan ɗaya, suka wallafa a 2011. Sun ga cewa a cikin injinan da suka yi aikin kwana 30 a jimlace, ɗaya cikin 190 ne ya faɗi saboda matsalar furosesa, amma cikin waɗanda suka faɗi sau ɗaya, kusan ɗaya cikin uku ya sake faɗuwa. Wato ciwon jiki ba kasafai yake zuwa ba, amma in ya zo ba ya tafiya da kansa. Kuskuren wannan ɓangare shi ne sauya sassa bisa zato. Wanda ke sayar da kayan gyara kuma ba laifi ba ne a nemi ya nuna shaida kafin a biya.

Akwai wata muhawara ta daban kan zafi. Binciken da Google ya wallafa a 2007 kan rumbuna fiye da 100,000 ya gano cewa alaƙar zafi da mutuwar rumbu ba ta kai yadda ake zato ba, wasu kuma sukan kafa hujja da wannan su ce zafi ba komai ba ne. Amma waɗancan rumbuna a ɗakunan da ake sanyaya su dare da rana suke. Ba daidai ba ne a ɗauki sakamakonsu a auna injin da ke ƙarƙashin rufin kwano a Matankari ko Kore Mairuwa cikin watan Mayu.

Ya kamata kuma a raba ƙaranci da lalacewa. Injin da ke da ram mai gigabait 2, aka ɗora masa Windows 10 da shafukan intanet goma, zai riƙa ƙamewa ko da sabo ne fil. Babu abin da ya lalace a cikinsa, kaya ne suka fi ƙarfin jaki.

Hanyar bincike

Kafin a taɓa komai, a kwafe takardu zuwa wani wuri, in da hali wuri biyu. Idan rumbu na ƙara, a fara da waɗanda suka fi muhimmanci, kuma kada a sa shi wani dogon gwaji ko gyaran faifai kafin a gama kwafewa, don wahalar gwajin tana iya ƙarasa shi.

Daga nan sai lura, wadda ita ce ginshiƙin aikin duka. A sami takarda a riƙa rubuta lokacin da injin ya daskare, minti nawa bayan kunnawa, wane aiki ake yi, da wace wuta ake, ta gari ko ta janareta. Kwana uku na irin wannan rubutu sukan faɗi abin da mai gyara ba zai gani ba a ziyarar rabin sa'a. A daidai lokacin daskarewar kuma a dubi agogon da ke kusurwar allo. In minti ya cika lambar ta sauya, injin yana raye, mai yiwuwa linzami ko madannai ne suka yanke. A danna maɓallin manyan baƙaƙe, Verr Maj a madannan Faransanci. In fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa, furosesa tana amsawa, sai a gwada Ctrl da Maj da Échap tare don buɗe Gestionnaire des tâches a ga manhajar da ta cije. In fitilar ba ta motsa ba, injin ya ƙame har ƙasa, zargi ya karkata ga direba ko jiki.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne a fitar da Windows daga cikin lissafi. A cire firinta da duk wani abu da ke jone sai allo da madannai da linzami. A shiga BIOS, wato shafin saitin uwar allo da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, a bar injin a nan na tsawon lokacin da ya saba daskarewa. In ya daskare a wurin, Windows ya kuɓuta daga zargi, domin bai ma tashi ba. In bai daskare ba, a tayar da shi a Mode sans échec, inda Windows ke aiki da direbobi kaɗan. Mafi inganci kuma a sa Ubuntu, manhajar kyauta, a kan kile, a tayar da injin daga kile ɗin ba tare da an zuba komai a rumbu ba, a yi aiki da shi yini guda. Injin da ya daskare a Windows ya kuma daskare a Ubuntu, ciwonsa a jiki yake ko a wuta. Wanda ya wuni lafiya a Ubuntu, saura abu biyu: Windows ɗinsa ko rumbunsa.

Windows yana da littafin da yake rubuta abin da ya same shi, sunansa Observateur d'événements. Lamba 41 mai suna Kernel-Power tana tsorata mutane, alhali abin da take faɗi kawai shi ne an kashe injin ba bisa ƙa'ida ba, ba ta faɗin dalili. A garin da ake yawan ɗauke wuta za a same ta rututu. Waɗanda suka cancanci kulawa su ne saƙonnin da ke ɗauke da sunan disk, musamman lamba 7 da 153, da kuma na WHEA-Logger, wanda rahoto ne daga jikin injin kansa.

Kowane sashe da ma'auninsa, kuma kyauta ake samun su. HWMonitor yana nuna zafin furosesa. MemTest86 yana gwada ram daga kan kile, ana barinsa ya yi zagaye huɗu ko ya kwana yana yi, kuskure ɗaya tak kuma ya isa shaida. In sanduna biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a kuma sauya musu mazauni, don wani lokaci mazaunin ne ya lalace. CrystalDiskInfo yana karanta bayanan lafiyar da rumbu ke ajiyewa game da kansa, waɗanda ake kira SMART. Injinan Dell da HP da yawa suna da nasu gwajin a ciki, ana shiga na Dell ta F12, na HP ta F2, lokacin kunnawa.

Sai dai a san iyakar waɗannan ma'aunai. A binciken Google na 2007 ɗin nan, rumbun da ya nuna kuskuren faifai na farko ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60, amma kashi 36 cikin 100 na rumbunan da suka mutu ba su nuna wata alama ba sam kafin mutuwarsu. Don haka in ma'auni ya ce akwai ciwo a yarda da shi, in ya ce lafiya kuwa a ci gaba da sa ido.

Buɗe akwati shi ne mataki na gaba. A zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙoƙi, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa wani sashe, musamman da hunturu lokacin da jikin mutum ke tara wutar da kan ba da tartsatsi. A hure ƙura da busasshiyar iska a waje, ana riƙe da fanka kada ta yi ta juyawa. A dubi kawunan kondansa. Shi kuwa akwatin wuta ba a buɗe cikinsa, domin yana riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare shi. Hanyar gwada shi ita ce a ari wani lafiyayye a jona. A duk wannan aiki abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, sannan a wuce. Wanda ya sauya abu uku tare, ko injin ya warke bai san abin da ya warkar da shi ba, kuma ya biya kuɗin biyu a banza. In ana zargin wutar gida, a ɗauki injin zuwa wani gini ya yi kwana biyu a can.

Abin da kuskure ke jawowa

Daga Dogon Dutsi zuwa Dosso kusan kilomita 140 ne, zuwa Yamai fiye da 270. Wanda ke Sukukutan ko Dogon Kiriya ko Gesheme sai ya fara isowa babbar hanya tukuna. Sayen sashen da ba shi ne ya lalace ba yana nufin kuɗin mota da kwanakin da aiki ya tsaya, sannan a dawo inda aka fara. Bayan da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, kayan da ke zuwa ta teku sun koma doguwar hanyar Lome, abin da bai sauƙaƙa wa mai neman kayan gyara ba.

Asarar da ta fi wannan ciwo ita ce ta takardu. Tun da aka ɗaga Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ƙananan hukumomi goma ne a gundumomin biyu, kowace da rajistarta da lissafinta, ga makarantu da ɗakunan shan magani da ƙungiyoyin manoma. Duk inda aka tara irin waɗannan bayanai a inji ɗaya babu kwafi, rumbu ɗaya ne tsakaninsu da ɓacewa.

Hukuncin gyara ko saye kuma bai da wuya in an san ciwon. Ram, rumbu, fanka da akwatin wuta duk ana sauya su da kuɗi kaɗan in an kwatanta da sabon inji, sa SSD a madadin tsohon rumbu ma yakan sa injin ya fi da sauri. Uwar allo da kondansanta suka kumbura a injin da ya haura shekara goma sha biyar kuwa ba ta cancanci a zuba mata kuɗi ba. A sa a lissafi cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, yayin da Windows 11 ba ya karɓar galibin injinan da aka ƙera kafin 2017. Kuma kowane inji aka ajiye, tsoho ko sabo, yana bukatar ondiler, wato akwatin batir mai riƙe wuta na ƴan mintoci har a adana aiki a kashe injin bisa ƙa'ida. Batirinsa shi ma yana gajiya da wuri a ƙasar zafi, sai a riƙa gwada shi.

Ga shugabannin ofisoshi da makarantu da masu shaguna: kada a amince a share rumbu sai mai gyara ya nuna cewa an kwafe takardu, ya nuna sakamakon gwajin rumbu da na ram, ya kuma faɗi zafin da furosesa ke kaiwa. A sa ranar hure ƙura a ƙarshen Fabrairu, kafin bazara ta kama. Wanda kuma kwamfutarsa ta fara daskarewa a wannan makon, ya kwafe takardunsa yau, sannan ya kira mai gyara.